Motocin Gwaggo

Da za a tara matan unguwar a ce wadda ta fi kowa yin motoci ta ɗaga hannu, babu mai ja da Gwaggo. Ta yi fara, ta yi baƙa, ta yi wata ruwan toka mai ƙofa biyu, har wata doguwa mai kwashe iyali guda ta taɓa kwana a rumfarta. Abin da kawai ba ta taɓa yi ba shi ne zama a bayan sitiyari. Birki da totur, in ka tambaye ta wanne ne a dama, sai dai ta ce Allah ya bar su tare.

Ba da mota ta taso ba. Ƙuruciyarta da ƙarfinta duk a makarantar kwana ta 'yan mata suka ƙare, tana aikin uwar ɗakin kwana. Ita ce mai rabon sabulu, ita ce mai kashe fitila, ita ce kuma mai tantance wadda ciwon cikinta na gaske ne da wadda jarrabawar lissafi ce ta murɗa mata hanji. A wannan aikin ta samo fuskarta: faffaɗa, a kwance, da tabarau a kan karan hanci, irin fuskar da yarinya kan kalla ta faɗi laifin da ba a ma tambaye ta ba. Da ta yi ritaya makaranta ta ba ta agogon bango da takardar yabo. Fuskar ce dai ta fi su amfani daga baya.

Mijinta, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gidan waya ne, mai keke, mai dogon buri da gajeren albashi. Da zai gina gida sai ya sa aka yi masa ƙofa mai faɗin da babbar mota za ta shige, ya kafa rumfar kwano a tsakar gida, ya shafe ƙasanta da siminti, yana cewa mota tana nan tafe. Ya yi ta jira har aka fitar da shi ta ƙofar nan mai faɗi, motar ba ta iso ba. Ya bar wa Gwaggo gidan da 'ya'ya maza biyu, waɗanda aiki ya kai su nesa. Suna kira a waya, ba a ce ba sa kira ba. Kowanne zai tambayi ƙafa, ya tambayi hawan jini, kafin ta gama ba da amsa ya ce ana nemansa, sai an jima. Rumfar kuwa kyanwa ce ta gaje ta.

Wanda ya fara hango arziki a rumfar nan ɗan ƙanenta ne, dillalin motoci, wanda daga bakinsa kowa ya ɗauki kiran ta Gwaggo. Yana da fili a bakin babban titi, da laima, da kujerun roba, da harshen da zai iya sayar wa mai sanƙo matajin kai. Wata rana ya zo gaishe ta, ya tsaya ya ƙura wa rumfar ido har shayinsa ya huce.

Ya ce, “Gwaggo, masu sayen tsohuwar mota iri biyu ne. Akwai mai tsoron ta gida, don ya san ramukan hanyarmu, ya san bakanikenmu, ya kuma san irin wulaƙancin da shi kansa yake yi wa abin hawa. Wannan sai ta waje, wadda aka sauke daga jirgin ruwa. Akwai kuma mai tsoron ta waje, don bai san hannun da ta fito ba. Ko ambaliya ce ta ci ta a can, ko haɗari ta yi aka shafe da fenti aka turo mana. Wannan yana son ta gida, amma fa sai ya ga mai ita da idonsa. Na farkon ina da maganinsa a filina. Na biyun, ashe maganinsa yana gidanki ban sani ba.”

Maganin na farkon ba wani abu ba ne. Dillali yana da wata jaka a ƙarƙashin teburinsa, cike da tarkacen ƙasashen sanyi: 'yan takardun mannawa masu rubutun da ba mai iya karantawa, kwabban waje guda biyu, da wani ɗan faranti na roba da ake kankare ƙanƙara da shi daga gilashi. Duk motar da ya saka wa waɗannan, ya cire mata lamba, to ta zama 'yar waje, ko da a bayan kasuwa aka yi mata wankan farko. Farantin nan ya shiga motoci sun fi a ƙirga, kuma Dillali bai taɓa mance ɗauke shi ba kafin a tafi da mota.

Na biyun shi ne Gwaggo. A kawo mota da rana a ajiye a rumfa. A turo kujerar direba gaba sosai, a ɗora mata ɗan matashi mai zanen fure. A jefa mayafi a kujerar baya, a sa kwalin maganin hawan jini a aljihun gaba, a fesa turaren Gwaggo. Sai a bar ta ta kwana biyu, ganye ya sauka a kanta, kyanwa ta saba da hawa murfin inji. Dillali ya sha faɗa cewa kyanwar nan ta fi yaransa na fili iya ciniki, don duk wanda ya ga kyanwa tana barci a kan mota ya san motar ba ta yawo.

Gwaggo ba ta amince a ranar ba. Macen da ta yi shekaru tana sa 'ya'yan mutane durƙuso a kan ƙarya ba za ta miƙa wuya da wuri ba. Ta ce, “Ni dai bakina ba zai ce motata ce ba.”

“Wa ya ce ki yi magana, Gwaggo? Ai magana ce ke ɓata ciniki. Ke dai ki zauna.”

Haka kuwa aka yi ta yi. Tun a waje Dillali yake gama zuba labarinsa: motar gwaggona ce, asibiti kawai take zuwa da ita, yanzu ƙafa ta hana, 'ya'yanta sun ce a sayar. Mai saye zai shigo ya tarar da tsohuwa a kujera, ƙafa a kan ɗan benci, tabarau a hanci. Ta amsa gaisuwa, ta ba da ruwa mai sanyi, in an gama ta ce Allah ya sa alheri. Ba ta taɓa ƙara ko kalma a kan haka ba, kuma da wannan take lallashin zuciyarta. Ta san shiru ma magana ce, ita ta koya wa ɗalibai haka, amma karin magana ba ya biyan kuɗin wuta, Dillali kuwa yana biya. Sannan akwai abin da ba ta faɗa wa kowa: ranar da ake da mai saye, ana buɗe ƙofar nan mai faɗi, mutane su shigo, a durƙusa a gaishe ta, a yi dariya a tsakar gidanta. Sauran ranakun daga ita sai agogon bango.

Ana nan, Dillali ya kawo wata shuɗiya, ƙarama, mai giyar hannu. Daga makarantar koyon tuƙi ya samo ta. Rabin direbobin garin a kanta suka koyi sakin kuloci, kowanne ya bar mata abin tunawa. Ya sa an yi mata fenti, an mayar da mitarta baya, amma a gilashin baya akwai sauran sawun jar alamar 'yan koyo. Yana sauri ranar, don haka Gwaggo ce da kanta ta sa soso da kananzir ta goge shi tas.

Masu sayen mata da miji ne. Mijin akawu ne a wani kamfani, siriri, da biro biyu a aljihun riga, mai son a san ya san duniya. Matar malamar firamare ce, makarantarta tana can ƙarshen gari, sai ta hau motar haya biyu kafin ta isa. Ita za ta riƙa tuƙa motar, kuma ita 'yar waje take so, irin wadda abokan aikinta suke saya. Amma Akawu ya riga ya yanke.

Bai ko buɗe murfin inji ba. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya shafa kan kyanwa, ya dubi matashin, ya dubi Gwaggo, sannan ya juya wurin matarsa da murmushin wanda ya ci gardama.

“Kin gani ko? Ni ba ƙarfe nake saya ba, mutum nake saya. 'Yar wajen da kike naci, kin san wanda ya hau ta? Wannan ga mai ita a zaune. Ki dubi fuskar nan ki gaya mini ko ta taɓa wuce wata mota a hanya.”

Malama ba fuskar take kallo ba, ƙafar take kallo. Ta tsuguna kusa da bencin ta ce, “Mama, tun yaushe take kumbura haka? Kina ɗaga ta in za ki kwanta? Mahaifiyata ma haka tata ta riƙa yi.” Gwaggo ta tambaya ya jikin mahaifiyar. Malama ta ce ai ta riga mu gidan gaskiya, ta gyara mata matashin bayanta, ta miƙe. Aka yi ciniki, Gwaggo ta ce Allah ya sa alheri, aka tafi da shuɗiya.

A ƙa'idar sana'ar, nan labari yake ƙarewa. Mai saye ba ya dawowa gidan, in ma matsala ta taso filin Dillali yake nufa, can kuma akwai harshen da zai tarbe shi. Shi ya sa da Gwaggo ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa wata Asabar da hantsi, ta leƙa ta ga shuɗiya a tsaye, sai da gabanta ya faɗi.

Malama ce, ita kaɗai, da leda a hannu. Ta ce, “Mama, na kawo ta ta gaishe ki. Na ce kada ki yi kewarta.”

A ledar akwai lemo da man shafawa na ƙafa. Ta zauna ta shafa mata da hannunta, ta share rumfar, ta ɗora ruwan shayi ba tare da ta tambayi inda tukunya take ba. Kafin ta tafi ta ce wace rana ce ranar asibiti. Gwaggo ta faɗa. Malama ta ce, “To tunda na raba ki da ƙafafunki, ni zan riƙa kai ki.”

Daga nan abin ya zama jiki. Ranar asibiti Malama za ta zo, ta buɗe mata ƙofar gaba, ta ɗaura mata bel, ta riƙe mata jaka a layin ganin likita. Ma'aikatan jinya suka fara cewa, “Mama, 'yarki ta fi ki damuwa da hawan jinin nan,” Gwaggo kuwa ba ta gyara musu ba, tunda ta saba da barin mutane su ɗauki abin da suka ga dama. Sai dai wannan karon har cikin ranta take so ya zama gaskiya. Ba ta taɓa haihuwar mace ba. Ta raini 'ya'yan mutane ɗaruruwa, kowace ta gama ta ɗauki akwatinta ta tafi. Ga shi da tsufa Allah ya jefo mata ɗaya har gida, kuma ta hanyar da ba za ta iya faɗa wa kowa ba.

Daɗin bai zo shi kaɗai ba. A kan hanya Malama takan yi tambaya.

“Mama, ke da wace giya kike hawa tudun nan?”

“Ke dai bi ta a hankali, 'yar nan.”

“Tana yi miki wannan ƙarar in kin taka kuloci?”

“Ƙarfe ai ba ya rasa ƙara.”

Sai Gwaggo ta mayar da kai taga. Duk wani tari da injin ya yi, a ƙirjinta yake sauka. Ba a taɓa yin motar da ta sha addu'a kamar shuɗiyar nan ba.

Da Dillali ya zo da wata baƙa zai saka a rumfa, Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce a'a. Malama tana zuwa ba sanarwa. In ta shigo ta tarar da wata motar da matashi mai fure a kujera fa?

“Haba Gwaggo, saboda malamar firamare za ki rufe mana kasuwa? Ki ce ta maƙwabta ce.”

“Na ce a'a.”

“To ki sani, kyanwarki ma sai ta yi kewar aikin nan.”

Ya juya da motarsa yana ƙunƙuni. Tun daga ranar gaisuwarsa ta koma ta waya, irin ta 'ya'yanta. Gwaggo ba ta damu ba. Ta ɗauka ta toshe ramin, ba ta san ta wani gefen yake zubar da ruwa ba.

Da farko abin kaɗan-kaɗan ne. Wata ranar asibiti Malama ta zo a motar haya, ta ce maigidan ne ya fita da shuɗiya. Wata ranar ta ce an kai ta wanki. Wata ranar ta zo da ita, amma ta ajiye ta can bakin layi inda hanya ta gangara, ta ce wai inuwa ta fi kyau a can. Ta rame, dariyarta ta ragu. Gwaggo, wadda ta yi rayuwarta tana karanta fuskar 'yan mata, ta gani sarai, ta kuma ƙi tambaya, don tana tsoron amsar.

Amsar ta zo da kanta wata rana da la'asar. Malama tana cikin shafa mata man ƙafa sai hannunta ya tsaya. Gwaggo ta ji ɗumi yana ɗiga a kan idon sawunta.

“Mama, ki yafe ni. Na lalata miki motarki.”

Daga nan ta ɓalle. Ashe tun watan farko shuɗiya ta fi kwana a garejin bakanike a kan ƙofar gidansu. Kuloci, giya, lagireto, ana ɗinke nan can na ɓarkewa. Bakanike ya ce motar ta sha wuya, Akawu ya ce ƙwarai kuwa, a hannun matarsa ta sha. Motar da tsohuwa ta riƙe shekara da shekaru ko tari ba ta yi ba, ta shigo hannun mai ilimi ta zama gawa. Duk ƙarshen mako yanzu yakan sa ta a gaba, ya zauna a gefenta, ya sa ta yi ta zagaya layinsu yana koya mata tuƙi da ƙarfi, maƙwabta suna zaune a ƙofar gida suna kallo. Ƙannensa mata sun raɗa mata suna Mai Hannun Ɓarna. Uwarsa ta ce macen da ba ta iya riƙon ƙarfe ba, ina za ta iya riƙon gida.

“Ni duk wannan bai dame ni ba kamar ke, Mama,” in ji Malama tana share hanci da bakin mayafi. “Kin ba ni abinki lafiya lau. Shi ya sa nake ɓoye miki. Wallahi ina ƙoƙari. Ina sakin kulocin a hankali kamar yadda kika ce. Ban san me ke damun ƙafata ba.”

Gwaggo ta ɗora hannu a kan yarinyar ta ce ta yi haƙuri, komai mai wucewa ne. Ita kanta ta ji ƙyamar muryarta.

Washegari ta yafa mayafi ta hau motar haya zuwa filin Dillali, karo na farko da ta taka wurin. Ta ce ya karɓi motar ya ba su wata. Ya yi dariya har da buga cinya.

“Gwaggo, kaya in ya bar hannu ai ya bar hannu. Kuma wa ya kawo ƙara? Mijin ya ce motar lafiya lau take. Ni da aka wanke, in je in shafa wa kaina baƙi?” Da ya ga ba ta yi dariya ba sai ya rage murya. “Kada dai ki ce faɗa musu za ki yi. In kin faɗa, ni ba abin da zai same ni, gobe wani zai zo ya saya. Ke ce za ki koma zama da agogo.”

Gaskiya ya faɗa, abin da bai saba ba. Gwaggo ta dawo gida ta zauna a ƙarƙashin rumfa tana juya maganar. In ta yi shiru, Malama za ta ci gaba da zuwa, da lemonta da man ƙafarta, tana kuma ci gaba da zagaya layi ana yi mata dariya a kan laifin da ba nata ba. In ta yi magana, yarinyar za ta wanku, ita kuma ta rasa ta. Ta so ƙwarai ta sami hanya ta uku. Ta nema har rana ta yi sanyi, ba ta samu ba.

Ranar hutu ta ce wa Malama ta kai ta gidansu, tana son gaisawa da maigidan. Malama ta yi murna, shuɗiya ma ta yi halin kirki ta kai su ba tsayawa. Akawu ya tarbe ta da fara'a, ya ba ta kujerar da ta fi laushi, ya rage ƙarar talabijin. Malama ta shiga kicin haɗo shayi.

Gwaggo ta jira har ta dawo da faranti a hannu, don tana son a yi abin a gabanta. Sannan ta cire tabarau ta riƙe a cinya.

“Ɗana, magana na zo da ita. Motar nan ba tawa ba ce. Ban taɓa yin mota ba. Ban iya tuƙi ba, ko kunna ta ban iya ba. Ɗan ƙanena ne yake kawo su gidana ya ajiye, ni kuma in zauna a gani. Wannan daga makarantar koyon tuƙi ta fito, a gajiye ta zo. Ni na goge alamar da hannuna. Matarka ba ta lalata komai ba.”

Akawu ya dube ta, ya dubi matarsa, sannan a hankali murmushi ya bazu a fuskarsa, yana girgiza kai.

“Allah sarki, Mama. Allah ya saka da alheri.” Ya juya ga Malama. “Kin ga irin mutanen da? Kin je kin yi mata kuka, ga shi tsohuwa ta taso da ciwon ƙafa ta zo ta shafa wa kanta baƙin fenti don ta rufa miki asiri. Ko kunya ba ki ji ba?”

“Ba rufin asiri ba ne,” in ji Gwaggo. “Kawo makullin ka ba ni, ka ga ko na san inda ake sa shi.”

“Mama, ai ko ni zan iya yin kamar ban sani ba.”

“To wallahi...”

Ya ɗaga hannu da sauri. “A'a, Mama, kada ki rantse. Kada ki ɗauki zunubi saboda ita. Ni fa aikina kullum da mutane ne, ina kallon mutum na san ko waye. Ranar da na shiga gidanki na ga yadda kika riƙe motar nan, na ga matashinki, na ga maganinki a aljihun gaba. A ce ni, ni za a yi wa wasan yara irin wannan?” Ya yi 'yar dariya. “Sha shayinki, Mama. Maganar mota ki bar mini, zan ci gaba da koya mata har ta iya.”

Shekara da shekaru fuskar nan tana sayar da ƙarya ba ta ce uffan ba. Yau ta buɗe baki ta faɗi gaskiya tsirara, fuskar ta ƙi ba ta haɗin kai. Gwaggo ta duba gefe neman taimako, sai idonta ya faɗa cikin na Malama.

Malama tana nan tsaye inda take, farantin yana hannunta. Ba ta yi dariya ba. Ita ce ta zauna kusa da Gwaggo a mota wata da watanni, ita ce ta yi ta tambaya ana ce mata ta bi a hankali. Gwaggo ta ga lokacin da tambayoyin nan suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya, kowace da amsarta. A ɗakin mutum ɗaya ne ya yarda da ita, kuma ba shi ne wanda ta zo dominsa ba.

Malama ta ajiye farantin, ta zuba shayin, ta miƙa wa Gwaggo da hannu biyu. Da aka gama ta ce, “Bari in mayar da ita kafin rana ta faɗi.”

Ta buɗe mata ƙofa kamar kullum, ta ɗaura mata bel kamar kullum, amma idonta yana kan titi. Da suka shigo layin, daidai ƙofar gidan Gwaggo, shuɗiya ta yi tari biyu ta mutu. Malama ta murɗa makulli. Shiru. Ta sake murɗawa. Ta ɗora goshi a kan sitiyari na ɗan lokaci, sannan ta ɗago.

“Sai an tura,” ta ce, ba tare da ta juyo ba.

Gwaggo ta lalubi bel ta kwance da kanta, ta fito. Mai shagon da ke kusa, shi da wani mai wucewa, suka taso suna naɗe hannun riga. Ta ajiye jakarta a bakin ƙofa, ta zagaya baya, ta sa tafukanta biyu a kan shuɗiya tsakaninsu.

“Haba Mama, ki bari mana, ƙafarki,” in ji mai shago.

Ba ta ko dube shi ba. Suka tura. Ƙarfen da zafi, motar da nauyi, takalminta yana zamewa a kan tsakuwa, ƙafar tana sukanta har ƙugu, amma ba ta saki ba. Da suka kai inda layin ya fara gangara, motar ta yi sauƙi, ta fizga, ta yi ƙara, ta tashi, ta tsere daga ƙarƙashin hannunta har sai da mai shago ya riƙo ta kada ta kifa.

Shuɗiya ta gangara, ta kai bakin titi, ta sa sigina, ta shige cikin motoci. Ba hannun da ya fito ta taga.

“Kada ki damu, Mama,” in ji mai shago yana karkaɗe tafi. “Motar da aka tura ba a tsayawa da ita. In ta tsaya mutuwa za ta sake yi.”

Gwaggo ta ce haka ne. Ta tsaya a tsakiyar layin, hayaƙi yana washewa, tana kallon wurin da motar ta ɓace. Ba ta iya mota ba, don haka ba ta da yadda za ta san ko saboda injin ne Malama ba ta tsaya ba.